Tsarabar Maigidana Daga Jamus

Ba a daɗe da sauya mana kuɗi daga fam zuwa naira ba, gwamnati ta duba ta ga abin da kawai ya rage wa manomanmu su kamo Turawa shi ne tarakta. Lokacin kuɗin mai sun fara ɓarkowa, duk wanda ke riƙe da biro a ofis tafiya yake kamar a bayan ɗakin uwarsa aka haƙa rijiyar. Sai aka tsamo wasu samari daga cikin malaman gona, aka ce za a tura su Jamus su koyo tuƙin tarakta da gyaranta. Maigidana yana cikinsu.

A Kankia muke zaune a lokacin, gidan haya ɗaki biyu, ba nisa da titin da ya taso daga Kano ya miƙe Katsina. Ni ina koyar da 'yan aji uku a firamare. Shi kuma aikinsa lallashin manoma su karɓi takin zamani, su kuma suna rantsuwa ƙona ƙasa yake yi. Ba mu daɗe da aure ba. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya son hayaniya, kansa kullum a aske ƙwal a ƙarƙashin hula kamar na kowane ɗan mutunci. A haka na raka shi zaure na yi masa addu'a, kuma a haka na sa ran za a dawo mini da shi.

Watanni suka shuɗe. Ran nan da la'asar ina tankaɗe a tsakar gida, sai na ji yaran unguwa sun kaure da ihu suna nufo ƙofarmu. Na ɗauka mai wasa da kura ne ya shigo gari. Kafin in miƙe sai ga mutum ya sunkuyo ta ƙofar zaure, don a tsaye ba zai wuce ba. Takalmi mai tudu kamar an ɗaura masa tubali a kowace ƙafa. Wando ya matse cinya, ya buɗe daga ƙasa yana share mini tsakar gida kyauta. A samansa kuma wani baƙin abu kamar an kifa masa kwando, a tsakiyar kwandon an soke mataji mai dogayen haƙoran ƙarfe, mariƙinsa yana leƙen sama.

Da murya na gane shi.

Na durƙusa na ce, "Sannu da zuwa, Malam. An sha hanya. Can ƙasar wanzamansu duk mutuwa suka yi?"

Ya kai hannu ya daddanna sumar a hankali kamar mai lallashin jariri. Ya ce, "Ke dai ba ki san inda duniya ta dosa ba. Yanzu duk baƙar fata mai ilimi haka yake barin kansa."

Na ce to madalla, ashe ilimin ne ya yi yawa har ya fara tsirowa ta waje. Na tashi na kawo masa ruwa.

Washegari da hantsi maƙwabta suka cika gida, don an san duk wanda ya dawo daga ƙasar Turawa ba ya rasa agogo ko rediyo. Matar mai gidan da muke haya har ta share inda za ta ajiye nata. Malam ya jawo akwati tsakiyar tabarma ya buɗe a natse. Ga wata rigar sanyi mai nauyin ɗan maraƙi, wadda lallai za ta yi amfani a Kankia da bazara. Ga littafin tarakta da Jamusanci. Sai wani ƙunshi da ya warware a hankali: matajai ne na roba, ja da kore da ruwan ƙwai, sirara, haƙoransu a matse kamar ƙayar kifi. Ya bi kowa da ɗaya. Har dattijon da muke haya a gidansa, wanda rabonsa da gashi tun kafin a ba mu mulkin kai, ya samu kore. Ya jujjuya shi, ya yi godiya, ya tambaya ko ana iya sosa baya da shi.

Da dai tsarabar ta tsaya nan, da da sauƙi. Amma da karatu ta zo.

Malam ya ɗaga ɗaya sama ya ce, "Wa ya san sunan wannan?"

Wata yarinya ta ce mataji. Wata ta ce kum.

"Kum! Kun ji irin ɓarnar da ake wa Turanci. Bature kom yake cewa." Ya tattara leɓe kamar mai hura wuta. "Kuma in za a rubuta, akwai wani harafi a ƙarshe, b, amma ba a furta shi. Yana nan dai zaune."

Ni da nake rubuta kalmar nan a allo duk shekara, har da hoton abin a gefe, na gyara zama na ɗauki karatu. Na ce, "Wato harafin nan ma'aikacin gwamnati ne, Malam. Sunansa yana takarda, aikinsa ba a gani." Mata suka tuntsire da dariya. Shi bai ma ji ba, ya riga ya tsallaka Jamus.

Ya ce, "Su kuma Jamusawa kam suke cewa."

Matar mai gida ta ce, "Suke cewa me?"

"Kam."

"To ai shi nake jira. Jamusawa kam, me suke cewa?"

Sai da suka yi ta mayar wa juna kamar masu daka a turmi ɗaya, kafin ta gane kam ɗin ita ce kalmar, ba tsayawa ya yi yana tunani ba. Daga nan ya buɗe mana sauran. Ya ce da Turanci da Jamusanci duka, sunan da ake kiran mataji shi ake kiran zankon zakara. Jamusawa ma sun ƙara gaba, doron tsauni kam ne, naman wuya a wurin mahauci ma kam ne. Ban tambaye shi wuyan wace dabba ba, shi ma bai faɗa ba. In kuma taje kai za ka yi, sai ka ce kemen. Na ce wato in ka shiga kasuwar Jamus ka ce a ba ka kam, sai abin da Allah ya haɗa ka da shi, ko a yanko maka nama, ko a nuna maka dutse a ce bismilla, hau.

Sannan ya ba mu labarin yadda ya koyi kalmar, yana alfahari kamar wanda ya ci yaƙi. Wai da sumar ta fara taruwa ya shiga wani kanti, bai san sunan abin da Jamusanci ba, sai ya ce bari ya gwada Turanci. Ya tsaya gaban matar da ke tsaron kantin yana nuna kansa yana cewa kom, kom. Ashe a bakinsu kom yana nufin zo. Matar ta ɗaure fuska ta ja da baya. Shi kuwa ya ɗauka ba ta ji ba, ya ƙara murya. Sai da ta kira mijinta daga ciki, wani ƙato mai jan wuya, kafin aka gano mataji baƙon ke nema.

Na ce, "Gwamnati ta tura ka koyon tarakta, ka ɓige da kiran matan mutane a kanti." Tsohon mai gida ya yi dariya har da tari.

Nawa matajin ja ne. Ranar da na tsefe kaina zan je kitso, na ce bari in ɗana kayan Jamus. Na soka shi a gashi na ja. Ƙas. Na sake sokawa. Ƙas, ƙas. Kafin in kai ƙeya ya zama mai giɓi kamar bakin tsohuwa. Makitsiyata ta yi ta tsintar jajayen haƙora a kaina tana jera mini su a cinya, tana tambaya ko sabon ado ne na matan ma'aikata. Da na dawo na ajiye masa gawar a gabansa, na ce, "Malam, naka mai haƙoran ƙarfen ai bai karye ba. Me ya hana ka kawo mana irinsa?"

Ya kalli rufin ɗaki. Can ya ce, "Wannan a Ikko na saya, wurin wani mai talla, da muka sauka."

"Na Jamus ɗin fa?"

"Ba sa shiga gashina."

Na kwashe gawar matajina na fita.

Iyayensa a Kusada suke, kuma dole a je gaisuwa. Ya yi ta ja, yau ofis, gobe gajiyar jirgi, har dai muka hau babur muka kama hanya. Ina baya, sumar ta tare mini gabas gaba ɗaya, ban ga komai ba sai gonakin da ke gefe. Duk ƙauyen da muka ratsa sai yara sun raka mu da gudu.

Surukina, wanda muke kira Baba, manomi ne, dogo, ba ya yawan magana, amma in ya yi ta sai ta kwana tana yi maka ƙaiƙayi. Muka same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Malam ya cire takalman tubalin ya durƙusa. Baba ya ɗago ya dube shi tun daga ƙasa har sama, saman ya ɗauke shi lokaci. Sannan ya juyo wurina.

"Ɗiyata, sannu da hanya. Wanga baƙo da kika zo da shi, daga ina?"

Malam ya ce, "Baba, ni ne."

"A'a. Ɗana da na sani shina da kunnuwa."

Na sunkuyar da kai na danne dariya da gefen mayafi. Kowa ya zaci Baba zai aika a kira wanzami nan take. Bai aika ba. Cewa ya yi, "Kanka ne, kai ka san abin da ka aje ciki." Ya ci gaba da gyaran fartanyarsa. Amma daga ranar bai ƙara yi masa magana kai tsaye ba. In abinci ya sauka sai ya ce wa yara, "Ku gaya ma Bajamushe tuwo na hucewa." Kafin mu bar garin sunan ya bi shi har masallaci.

Ita kuwa Inna, mahaifiyarsa, jana ta yi ɗaka ta sake labule. Idonta ya cika da hawaye, don a saninta namiji ba ya tara suma sai in ya taɓu.

Ta ce, "Hwaɗa mani gaskiya, kar ki ɓoye. Shina magana shi kaɗai?"

Na ce, "Inna, ba shi kaɗai ba, da ni yake yi. Amma kusan duk ɗaya ne."

Ba ta ga abin dariya ba. Ta aika wurin malamin unguwa aka yi rubutu, ta riƙa zuba masa a fura. Yana sha yana yaba furar Kusada, wai ko a Jamus bai sha abu mai gardinta ba. Ranar Juma'a kuma ya ce zai sa hula don ya faranta wa Baba. Hular ta hau can ƙololuwa ta zauna kamar kurciya a kan kuka. An ce raka'ar farko ta faɗi gaban wani dattijo, ta biyu ma haka.

Muka koma Kankia. Taraktocin da aka tura su koyo ba su iso ba. Wai suna cikin jirgin ruwa, jirgin yana cikin layi, layin yana cikin teku. Rani ya wuce maigidana yana zuwa ofis da safe, ya zauna a ƙarƙashin fanka, ya kemen, ya dawo. Amma na san abin Baba yana cinsa. Sau da yawa zan gan shi zaune da littafin taraktan nan a buɗe, ba karantawa yake ba. Ran nan ya ce mini, "Da Baba zai gan ni a kan tarakta sau ɗaya, da ya san ba wasa na je yi ba."

Da ruwan farko ya sauka sai ga tarakta ɗaya ta iso, ja wur, da garma mai fayafai a bayanta. Shugaban ofis ya ce za a kai ta wani gari a yi gwaji a gaban manoma. Malam ya yi ta roƙo har aka yarda a yi a Kusada, a gonar Baba da ke bayan gida. Baba da aka gaya masa ya ce, "Ƙasa ta Allah ce. Bajamushe ya zo ya yi."

Ranar gwajin gari ya fashe. Mai gari ya zo da mutanensa aka shimfiɗa musu tabarmi. Manoma sun yi da'ira, Fulani makiyaya sun tsaya daga gefe da sanduna a kafaɗa, masu nono sun sauke ƙorai. Mu mata muna cikin gida, kowa ta samu ɓula a jikin dangar kara ta liƙa ido. Malam ya fito cikin rigar aiki shuɗiya, ya yi wa jama'a jawabi, ya zaro matajin Ikko ya tayar da sumar ta kowane gefe, ya mayar da shi mazauninsa, sannan ya hau.

Gaskiya ɗaya ce, ya iya. Injin ya yi gurnani, fayafan suka nutse, ƙasa ta riƙa kifewa a bayansa baƙa, a miƙe kamar an ja zare. Abin da shanu za su yini suna yi, ya gama kafin mai goro ya gama taunawa. Masu dariya suka rufe baki. Na hango Baba ya sunkuya ya damƙi ƙasar ya murza a hannu, ya bi taraktar da kallo. Inna a gefena tana ta hamdala, ta ce rubutun ya ci.

A ƙarshen gonar akwai wata ɗorawa mai rassa ƙasa-ƙasa. A cikinta Baba ya rataya amya biyu tun bara, irin kwandunan nan da ake sa wa ƙudan zuma su yi gida. Duk taron nan babu wanda ya tuna da su, har shi Baban da ya ɗora su da hannunsa. Ita kuwa taraktar bututun hayaƙinta sama yake kallo. Malam ya je juyawa a ƙarƙashin bishiyar, bututun ya daki reshe, ya tura baƙin hayaƙi kai tsaye cikin bakin amya.

Abin da muka fara gani shi ne mai gari ya miƙe ba tare da an ɗaga shi ba, abin da aka daɗe ba a gani ba. Sai kuma taron ya tarwatse. Masu manyan riguna suka lulluɓe kai, masu rawani suka ja shi kan fuska, masu nono suka bar ƙorai. Duk wanda ke da ƙwal, in zuma ta sauka sai ya kaɗe da hula ya ƙara mai. Amma maigidana, da ya tanadar musu masauki mai faɗi da duhu, ciki suka shige suka kasa fita, kowace ta huce haushinta a fatar kansa.

Nan ne dariyata ta ƙare. Ya saki sitiyari ya kama kai da hannu biyu, taraktar kuma ta miƙe ta nufi inda wasu yara suka ruɗe suka tsaya suna kuka. Da ya yi tsalle ya gudu a lokacin, babu mai ganin laifinsa. Bai yi ba. Ya sauke hannu daga kansa, ya laluba, ya karkatar da ita, ya kashe injin, yana zaune ana ta harbinsa. Sai da ta tsaya cik sannan ya faɗo ƙasa. Ya zaro matajin yana ta soka wa sumar don ya fitar da su, abin da ya ƙara tunzura na cikin.

Mutum ɗaya ne ya nufi wajen bishiyar lokacin da kowa ke barinta. Baba ya tuɓe babbar rigarsa yana gudu, ya rufa masa, ya rungumo shi ya jawo shi har cikin gida, ya tura kansa a randar ruwa. Hannuwan tsohon duk sun sha harbi, bai ko duba ba.

Kafin azahar kan maigidana ya koma kamar tulu. Idanu sun rufe, leɓe ya kumbura, kunnuwan da Baba ke cigiya sun fito har sun yi yawa. Aka kira wanzami. Ya duba ya ce babu yadda za a cire ƙarin da suka bari a fata sai an sauke gashin. Ya buɗe zabira ya fara wasa aska. Na ɗauka Baba zai ce a yi maza, tunda abin da yake so ne ya zo har gida. Sai ya ɗaga wa wanzami hannu ya tsugunna kusa da ɗansa.

"Kana ji na?"

Malam ya gyaɗa kai.

"Ba ni sa aska a kan da ba a ba ni ba. Ka yarda a sauke?"

Rabon da ya yi masa magana baki da baki tun ranar zaure. Malam ya sake gyaɗa kai, wani ruwa ya gangaro ta tsagar da ta rage a idonsa. Ban sani ba ko na zafin harbi ne.

Aka sauke sumar. Ta taru a kan tabarma tuli guda, da matattun ƙudan zuma a ciki, wasu har suna motsi. Inna ta sa a kai ta bayan gida a binne. Wanzami ya bi fatar yana kankare ƙarin da bakin aska, aka shafa man shanu. Amma zuwa la'asar zazzaɓi ya rufe shi, numfashinsa ya fara sarƙewa, har Inna ta fara salati da ƙarfi. Aka sa shi a motar ofis da ta rako taraktar muka nufi Kankia, kansa a cinyata, Baba a gaba babu ko hula, yana ce wa direba ya ƙara sauri. Malamin asibiti ya yi masa allura ya ce mu jira. Muka zauna a baranda ni da surukina har aka fito aka ce numfashi ya daidaita.

Ya yi kwanaki a kwance a gida. Inna ta biyo mu jinya. Da yake amya ɗaya ta faɗo ranar gwajin ta fashe, ta zo mana da zumar a kwano, da saƙarta, ta ce a ba shi ya sha, wai abin da ya cije ka shi ke da maganinka. Na kai masa. Ya buɗe ido ɗaya da ƙyar, ya dubi kwanon, ya nuna saƙar da yatsa. Leɓensa bai gama saɓewa ba, maganar tana fita kamar ta mai tuwo a baki.

Ya ce, "Kin san... Bature wannan ma kom yake ce mata. Saƙar zuma."

Na ce, "Allah Sarki. To ai ka cika karatu, Malam. Ka sa kom a kai, ka je ka tsokano kom a bishiya. Jamusawa ma kam ɗin ce?"

"A'a. Su dabam suke kiranta." Ya yi ƙoƙarin cije leɓe ya fitar da wani harafi da babu shi a bakin Bahaushe, abin da ya fito shi ne, "Babe."

Inna da ke bakin ƙofa ta ce, "Mi ya ce? Babe shika so? A wanga lokaci ina za a samu fara?" Ta dube ni, ta girgiza kai. Na ga alamar za a koma wurin malamin unguwa. Ni kuwa a ranar na tabbata ya warke.

Taraktar ta yi aiki daminar nan da ta gaba, kuma manoman da suka gudu su ne suka riƙa layi a kanta. Daga baya wani ƙarfe ya karye a cikinta, aka ce sai an aiko daga Jamus. Tana nan a bayan ofis tana jira har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta. Maigidana bai sake tara suma ba. In an tambaye shi sai ya ce bincike ya nuna ba ta dace da yanayin zafinmu ba.

Sai dai Baba bai daɗe yana murna ba. Da muka je yawon babbar salla, muka tarar samarin Kusada rabi sun daina zuwa wurin wanzami. Masassaƙa sun bar muciya sun koma sassaƙa matajai masu dogayen haƙora, ranar kasuwa har wawa ake yi. Autan gidansu, ƙanin maigidana, ya shigo gaisuwa da hula a ɗane can sama, ya durƙusa, ta faɗo gaban Baba.

Baba ya dubi hular, ya dubi yaron, sannan ya juya wurin maigidana. Ya ce, "Kai da ka san kan abin, yi mashi magana."

Malam ya gyara zaman babbar riga, ya yi gyaran murya. Ya ɗauko tun daga tarbiyyar kakanni, ya bi ta kan tsafta da mutuncin ɗan Musulmi, ya gangaro kan samarin zamani da ke kwaikwayon duk abin da suka gani a hoto ba tare da tunani ba. Ina bayan labule ina jin sa, har miyar da na ɗora ta kusa kamawa. Yaron ya saurara da ladabi, kansa a ƙasa, yana ta cewa, "To, Yaya. Gaskiya ne, Yaya." Da aka gama ya yi godiya, ya ɗauki hularsa ya fita.

Bai aske ba sai bayan shekara biyu, da ya shiga soja, su kuwa can ba sa tambayar kowa ko ya yarda.